Yadda Ake Zaɓen 'Yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Nijeriya, Ƙasa Mai Harsuna da Yawa

A duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, tambayoyin da suka fi yawan iso mana daga ƙananan hukumomi, ta bakin jami'an watsa labarai da dagatai da masu unguwanni, kan karkata ne ga zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna. Ba kasafai ake tambaya a kan zaɓen sanata da na ɗan Majalisar Wakilai ba, alhali kuwa waɗannan su ne ke zartar da kasafin kuɗin ƙasa, su ne kuma ke yin dokokin da suka shafi haraji da tsaro da rabon arzikin ƙasa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda ake gudanar da wannan zaɓe, tare da nuna yadda yawan harsunan ƙasarmu ya shafi kowane mataki nasa. Masana sun ƙiyasta cewa ana magana da harsuna fiye da 500 a Nijeriya, amma duk da haka takardar ƙuri'a iri ɗaya ce ake miƙa wa Bahaushe da Babarbare da Banufe da Bayarabe.

Wajibi ne mu fara da wani gyara. Gwamnatin jiha ba ta da hannu a shirya wannan zaɓe. Aikin Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ne, wato INEC, wadda ke da kwamishina a kowace jiha da kuma baturen zaɓe a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar zaɓe ta jiha kuwa, zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli kaɗai ne hurumin ta. Duk wanda ya rasa katinsa ko yake neman a sauya masa rumfa, ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa zai nufa.

Majalisu biyu da yadda aka raba kujerunsu

Tsarin Mulki na 1999 ya kasa Majalisar Dokoki ta Ƙasa gida biyu. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109: kowace jiha daga cikin jihohi 36 tana da sanatoci uku, Babban Birnin Tarayya Abuja kuma yana da ɗaya. A nan ba a duba yawan jama'a; Jihar Bayelsa da Jihar Kano duk uku-uku ne. Majalisar Wakilai kuwa tana da kujeru 360, kuma an raba su ne gwargwadon yawan mutane. Kano da Legas kowace tana da 24, Kaduna 16, Katsina 15, Bauchi 12, Sakkwato da Jigawa 11 kowace, Barno da Neja 10 kowace, Kebbi 8, Zamfara 7, Yobe da Gombe 6 kowace, Abuja kuma 2. Hikimar wannan rabo ita ce, a majalisa ɗaya masu yawa su ci moriyar yawansu, a ɗayar kuma kada a danne ƙananan jihohi. Babu dokar da za ta tabbata sai majalisun biyu sun amince da ita.

Doka ta hana wata mazaɓa ta ƙetare iyakar jiha. Galibi ana haɗa ƙananan hukumomi biyu ko uku ko huɗu ne su zama mazaɓar tarayya guda, shi ya sa ake jin sunaye masu tsawo kamar Zuru/Fakai/Danko-Wasagu/Sakaba a Jihar Kebbi, ko Bogoro/Dass/Tafawa Balewa a Jihar Bauchi. Irin waɗannan mazaɓu su ne suka fi nuna abin da muke magana a kai, domin a cikin mazaɓa ɗaya za a iske Dakarkari da Fakkawa da Hausawa da Fulani, ko Sayawa da Jarawa da Fulani da Hausawa, kowa da harshensa na gida, amma wakili ɗaya za su tura Abuja. Daga mazaɓar Bogoro/Dass/Tafawa Balewa ne Yakubu Dogara ya fito, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019.

Tsarin Mulkinmu bai ware wa wata ƙabila ko wani harshe kujera ba. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. A ƙasar Beljiyam, 'yan majalisar wakilai 150 sukan kasu rukuni biyu bisa harshe, masu Holanci da masu Faransanci, kuma akwai dokokin da ba sa wucewa sai kowane rukuni ya amince. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, majalisar da aka zaɓa a 2020 mai kujeru 171 ta ƙunshi kujeru takwas na mazaɓu na musamman da aka keɓe domin al'ummomi marasa rinjaye irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa, kafin sojoji su rushe ta a juyin mulkin 2023. A wurinmu, abin da ya maye gurbin wannan shi ne al'adar karɓa-karɓa, inda dattawan mazaɓa da jam'iyyu ke fahimtar juna cewa wannan karo kujerar ta wannan ƙaramar hukuma ce, karo na gaba ta waccan. Ya kamata a sani cewa wannan yarjejeniya ce ta mutunci kawai. Ba ta cikin Tsarin Mulki, kuma idan jam'iyya ta saɓa ta, ranar zaɓe ce kaɗai jama'a za su iya nuna rashin jin daɗinsu.

Wanda ya cancanci tsayawa

Mai neman kujerar sanata dole ya kasance ɗan Nijeriya da ya kai shekara 35. Mai neman Majalisar Wakilai a da sai ya kai 30, amma gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2018 ya sauko da shekarun zuwa 25. Dole ne kuma ya kasance ɗan wata jam'iyya, jam'iyyar ce kuma za ta tsayar da shi. Ma'aikacin gwamnati, ko na tarayya ko na jiha, sai ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Muna jan hankalin ma'aikata a kan wannan, domin sakaci da shi kan jawo a soke nasarar mutum a kotu bayan ya gama wahala.

Sharaɗin ilimi shi ne inda maganar harshe ta fara shigowa. Doka ta ce ɗan takara ya kasance ya yi karatu har matakin kammala sakandare ko makamancinsa. Sashe na 318 ya fassara wannan da faɗi: takardar malanta mai daraja ta biyu ta isa, haka nan wanda ya kammala firamare kaɗai yana iya tsayawa idan ya yi aiki na shekara goma, ya halarci kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe za ta gamsu. Babu inda aka ce sai ya iya harshen mutanen mazaɓarsa. Wannan an bar wa masu zaɓe ne su auna da kansu.

Su ma jam'iyyu akwai takunkumin da aka sa musu saboda bambance-bambancen ƙasar. Sashe na 222 ya hana a yi wa jam'iyya rajista idan sunanta ko tambarinta na nuni ga wata ƙabila ko addini ko ɓangare ɗaya na ƙasa, ya kuma wajabta ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, hedkwatarta kuma a Abuja. Sashe na 223 ya ƙara da cewa shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Wanda ya san tarihin Jamhuriya ta Farko zai gane dalili. A zaɓen 1959, wanda aka yi a kan kujeru 312, 174 daga cikinsu a Arewa, kowace babbar jam'iyya ƙarfinta yana yankinta ne: NPC a Arewa, NCNC a Gabas, AG a Yamma. Waɗanda suka rubuta Tsarin Mulki na 1979 sun ɗora wa wannan rabuwa wani kaso na alhakin rikicin da ya biyo baya, don haka suka toshe ƙofar, aka kuma maimaita haka a 1999.

Kafin babban zaɓe, kowace jam'iyya kan yi zaɓen fid da gwani. A zaɓen 2023 hanyoyi uku doka ta yarda da su: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, zaɓe ta hanyar daliget, da kuma maslaha, inda sauran masu nema ke janyewa a rubuce. A gaskiya, a mazaɓu da dama a wannan mataki ne ake yanke wanda zai je Abuja, tun talaka bai ga akwati ba.

Wanda ya cancanci jefa ƙuri'a

Duk ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18, mace ko namiji, yana da 'yancin yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsu na asali, amma sau ɗaya tak. Wannan na nufin ɗan kasuwa Ibo da ya yi rajista a ƙauyenku, ko malamin makaranta Bayarabe, ko makiyayin da bai jin komai sai Fulatanci, ƙuri'arsa daidai take da ta dagaci. Babu wanda ke da ikon korar sa daga layi da sunan baƙo ne. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba. Zaɓen tarayya na farko da suka shiga shi ne na 1979.

A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 mutum 93,469,008 ne ke cikin rajista, aka kuma tanadi rumfuna 176,846 a gundumomi 8,809 na ƙananan hukumomi 774. Amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Ranar zaɓe

Bayanin da ke biye ya dogara ne a kan yadda aka gudanar da zaɓen 2023. Majalisa kan yi wa Dokar Zaɓe gyara lokaci-lokaci, hukumar zaɓe kuma kan fitar da ƙa'idojinta kafin kowane zaɓe, saboda haka jami'an ƙananan hukumomi su riƙa neman na baya-bayan nan daga ofishin baturen zaɓe.

Ana yin zaɓen majalisun biyu rana ɗaya da na shugaban ƙasa. An tsara buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi kafin lokacin sai ya jefa ƙuri'arsa ko da dare ya yi. Mai zaɓe zai miƙa katinsa na dindindin, a tantance shi da na'urar BVAS ta hanyar zanen yatsa ko hoton fuska, a duba sunansa a rajista, a shafa masa tawada a farce, sannan a ba shi takardu uku masu hatimi da sa hannu. Zai shiga wurin da aka keɓe ya dangwala, ya fito ya jefa kowace takarda a akwatinta a gaban jama'a. Akwati mai jan murfi na shugaban ƙasa ne, mai baƙin murfi na sanata, mai koren murfi kuma na ɗan Majalisar Wakilai.

A kan takardar ƙuri'a babu sunan ɗan takara, babu hotonsa. Abin da ke kai shi ne tambarin jam'iyya da harufan sunanta a taƙaice, an jera su bisa tsarin abacada na Turanci. Wannan ita ce babbar dabarar da ƙasarmu ta yi wa matsalar harshe da ta rashin karatun boko, kuma tsohuwar dabara ce. Dattawa na tuna fartanyar NPC da tauraron NEPU, a zamanin da kowane ɗan takara ke da akwatinsa mai ɗauke da alamarsa. Na bayansu na tuna gida da masara na NPN da mabuɗin PRP a 1979, da dokin SDP a 1993. Ƙasar Indiya, wadda tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, ita ma da alamomi take zaɓen majalisarta mai kujeru 543. Hoto ba ya bukatar tafinta.

Sai dai dabarar tana da nata rauni, kuma a nan muke so jama'a su natsu. A 2023 jam'iyyu 18 ne aka yi wa rajista, tara daga cikinsu sunansu ya fara da harafin A, wasu kuma harafi ɗaya ne kawai ya bambanta su. Ga tsoho mai raunin gani, ko matar da ba ta taɓa riƙe irin wannan takarda ba, kuskure abu ne mai sauƙi. Idan tawada ta faɗa tsakanin gidaje biyu yadda ba a gane wanda ake nufi, ko aka dangwala wa jam'iyyu biyu, ko aka naɗe takardar tun tawada ba ta bushe ba har ta ɓata wani gida, ana iya jefar da ƙuri'ar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, lokacin da 'yan takara 73 suka cika takarda, ƙuri'u 1,289,607 ne suka lalace. A 2023 an samu 939,278. Waɗannan mutane ne da suka bar gona da kasuwa, suka sha rana a layi, suka koma gida ba a ƙirga su ba. A ganinmu babu aikin wayar da kai da ya fi a nuna wa mutane samfurin takardar ido da ido, a kasuwa da dandali da gidajen biki, da harshen da suke ji. Sanarwar rediyo da Hausa tana kaiwa nesa, amma akwai tsofaffi da matan rugage da na ƙauyukan tsaunuka da Hausarsu ta ciniki ce kawai. A nemi ɗan gari ya yi musu bayani da harshensu.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardun uku ba a ɗaure suke da juna ba. Mutum na iya zaɓar jam'iyya ɗaya a shugaban ƙasa, wata a sanata, wata kuma a ɗan majalisa, ƙuri'unsa duka su yi kyau.

Ma'aikatan rumfa huɗu ne: shugaban rumfa da mataimaka uku. Galibi shugaban yakan kasance matashi mai yi wa ƙasa hidima, kuma da yake ana tura su jihohin da ba nasu ba, ba abin mamaki ba ne a kawo wa ƙauye yaro daga Enugu ko Ondo wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Wannan bai zama dalilin zargi ba. Rashin dangi a garin ma yana cikin abin da ya sa ake ɗauko shi. Abin da ya kamata shi ne a samu wanda zai fassara sanarwarsa da babbar murya kowa ya ji, ba a bi mutane ɗaya-ɗaya ana raɗa musu ba. Tafinta ba ya bin mai zaɓe wurin dangwalawa. Makaho ko mai wata nakasa da ba zai iya dangwalawa da kansa ba, doka ta ba shi damar zuwa da mutumin da shi ya zaɓa ya taimake shi, ban da ejan na jam'iyya. Tsofaffi da masu juna biyu da masu shayarwa da nakasassu ana ba su fifiko a layi.

Ƙirga da tattara sakamako

Ana ƙirga ƙuri'u nan take a rumfa, a gaban wakilan jam'iyyu da duk wanda ya tsaya. A rubuta sakamakon sanata a fom EC8A(I), na ɗan Majalisar Wakilai a EC8A(II), da lambobi da kuma kalmomi, wakilai su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a liƙa wani a bango, a kuma ɗauki hoton fom ɗin da na'ura domin a ɗora a shafin hukumar na intanet. Tunda da Turanci ake cika fom, muna shawartar kowace jam'iyya ta tura wakilin da ya iya karatu, domin tsakanin 15 da 50 a bakin Bature tazarar ba ta da yawa a kunne, kuma sa hannu a kan abin da ba a karanta ba shi ne mafarin yawancin ƙorafe-ƙorafe.

Daga rumfa sakamako zai tafi cibiyar gunduma, daga nan ƙaramar hukuma, sannan cibiyar mazaɓa inda babban jami'in tattara sakamako zai bayyana wanda ya ci. Wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne ya yi nasara, ko da da ƙuri'a ɗaya ce. Sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi ko na ƙananan hukumomi, na shugaban ƙasa da gwamna ne, bai shafi 'yan majalisa ba. Illar wannan a mazaɓa mai ƙabilu da yawa ita ce, idan 'yan takara huɗu suka raba ƙuri'u, mutum na iya ci da goyon bayan ɓangare ɗaya kawai.

Idan ƙuri'un da aka samu a akwati suka zarce yawan waɗanda na'ura ta tantance, wato aringizo, ana soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Idan kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin rumfunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, a sake shi a waɗannan rumfuna. Wanda ya cusa ƙuri'un bogi domin ya taimaki gwaninsa, ƙuri'un maƙwabtansa na gaskiya ya ƙona.

Bayan zaɓe

Ɗan takara ko jam'iyyar da ba ta gamsu ba tana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ta shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A shari'ar kujerar majalisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ta ƙarshe; ba a zuwa Kotun Ƙoli.

Wa'adin majalisa shekara huɗu ne daga ranar zamanta na farko, kuma babu iyaka ga yawan lokutan da mutum zai sake tsayawa. Majalisa ta goma ta fara zama ranar 13 ga Yunin 2023, inda aka zaɓi Godswill Akpabio daga Akwa Ibom Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin daga Kano mataimakinsa, Tajuddin Abbas daga Zariya Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu daga Abiya kuma mataimakinsa. A rabon waɗannan muƙamai ma al'adar duba shiyya ce ke aiki, ba doka ba. Jama'ar mazaɓa na da damar yi wa wakilinsu kiranye a ƙarƙashin sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, hukuma ta tantance, a kuma yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a Jihar Kogi a 2018 da kuma 2025, duk biyun ba su kai ga raba gardama ba.

Dangane da harshen da ake magana da shi a zauren majalisa, sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana tana nan tun a Tsarin Mulki na 1979, amma da Turanci ake muhawara, da shi ake rubuta ƙudurori da rahotannin kwamitoci. A Suwizalan ɗan majalisar wakilai kan tashi ya yi magana da Jamusanci ko Faransanci ko Italiyanci, masu fassara na mayarwa nan take, mu ma a nan tsohuwar Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna da Turanci da Hausa take zama. Majalisun jihohi sun fi sakewa, domin sashe na 97 ya ba su damar ƙara duk harshen da ake yi a jihar idan sun zartar da ƙuduri, kamar yadda ta Legas ta keɓe ranar Alhamis domin Yarbanci.

Tunda haka abin yake, nauyin fassara ya koma kan wakilin da kansa. Shi ne zai ɗauki kukan manomi da aka faɗa masa da Hausa ko Fulatanci ko Dakarci ya mayar da shi ƙuduri da Turanci, ya kuma dawo ya bayyana wa jama'a abin da aka zartar da harshen da suke ji. Mai ƙorafi na iya rubuta takardar koke zuwa majalisa ta hannun wakilinsa, kowace majalisa kuma tana da kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Wanda bai iya rubutun Turanci ba, ya nemi wanda ya amince da shi ya rubuta masa, a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu ko ya dangwala, ya ajiye kwafi ɗaya a wurinsa, sannan ya kai ofishin mazaɓa na ɗan majalisar.